Nazarin lamari: neman gurnanin bawul ta hanyar maragin ƙarfin da ke cikin amfilifayar jita

Asalin lamarin

Wanda wannan nazari ya shafa makaɗin jitar lantarki ne da ya daɗe yana kiɗa a ɗaki da ƙaramar amfilifaya mai taransista, wato na'urar ƙara wa sautin jita ƙarfi, kuma duk gurnanin da yake samu daga feda yake samunsa, wato ƙaramin akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa. Abin da ake nufi da gurnani a nan shi ne sautin nan mai kauri da ɗan kaushi da makaɗa ke kira obadiraib, wanda ke fitowa idan aka tura wa amfilifaya siginar da ta fi ƙarfinta, sai ta riƙa datse ƙololuwar igiyar sautin, ta haifar da wasu amo a kan amon asali. Burinsa shi ne ya ji wannan gurnani daga bawul-bawul (ƙwayayen gilashi masu ƙara wa sigina ƙarfi) na ƙarshe, wato waɗanda ke tura lasifika, domin nasu ake yabo da laushi da bin hannun makaɗi: idan ya shafi tsirkiya a hankali sautin ya fito fes, idan ya danna ta kuma ya yi ruri.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Bawul-bawul na ƙarshe ba sa fara gurnani sai sun kusa ƙure ƙarfinsu, kuma kafin a kai wannan matsayi ƙarar ta riga ta fi ƙarfin ɗakin zama. Masu ƙera amfilifaya sun daɗe suna neman hanyar kewaye wannan. A 1975 kamfanin Marshall ya fito da samfurin 2203 mai mamurɗin masta, wanda ke barin sashen farko ya yi gurnani alhali ana rage abin da ke isa sashen ƙarshe. Wajen 1980 kuma Tom Scholz ya fito da Power Soak, akwatin da ake sanyawa tsakanin amfilifaya da lasifika domin ya shanye yawancin ƙarfin ya mayar da shi zafi. Irin wannan na'ura ce ake kira atinuweta, kuma a wannan rubutu za a kira ta maragi. A yau akan gina ta cikin amfilifayar kanta: Vox AC4TV tana da matakan wat 4, wat 1 da kwatan wat, Tubemeister 18 ta Hughes & Kettner kuma tana da wat 18, 5, 1 da matakin shiru.

Makaɗin yana zaune a ginin da bango ɗaya ne ya raba shi da maƙwabta ta gefe biyu, don haka maragin shi ne babban dalilin da ya sa ya sayi amfilifayar da ake magana a kanta.

Kayan da ke hannunsa

Amfilifayar ta hannu ce, mai wat 15, da bawul 12AX7 guda uku da EL84 guda biyu a sashen ƙarshe. Biyu daga cikin 12AX7 ɗin suna ɗaga siginar jita, na ukun kuma shi ne mai raba sigina gida biyu domin kowane EL84 ya ɗauki rabinsa. Lasifikar mai inci 12 ce, om 8, kuma takardarta ta nuna tana ba da desibel 98 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) idan aka ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1. A gaba akwai mamurɗan gen (yawan siginar da ake tura wa sashen farko), tirebul (amon sama), tsakiya, bes (amon ƙasa) da masta, kowanne daga 0 zuwa 10. A baya akwai makunnin maragi mai matakai huɗu: wat 15, wat 5, wat 1 da wat 0.1. Jitarsa mai fikof (abin da ke ɗauko amon tsirkiya ya mayar da shi sigina) na kwayil ɗaya ce, irin wadda siginarta ba ta da ƙarfi sosai. Bai san shekarun bawul-bawul ɗin da ya tarar a ciki ba, kuma bai tambaya ba.

Mako na farko: maragi a ƙasa, sauti fes

Ranar da ya kawo ta ya mayar da maragi kan wat 0.1, ya sa gen a 3 da masta a 3, ya kaɗa. Sautin ya fito tsaf ba ko alamar gurnani, kuma da ƙyar ya fi amon tsirkiyoyin kansu ƙarfi. Ya koma wat 1, sannan wat 5. Ƙara ta ƙaru a kowane mataki, amma yanayin sautin bai sauya ba. A tunaninsa, mayar da makunnin kan wat 0.1 yana mayar da amfilifayar ƙarama ce mai saurin cika, saboda haka ya fara zargin cewa maragin ya lalace.

Littafin amfilifayar ne ya warware wannan. Zanen da ke ciki ya nuna maragin yana bayan taransifomar fitarwa, daf da lasifika, kuma rasistoci ne zalla a cikinsa, wato masu tare wuta su mayar da ita zafi. Ma'anar haka ita ce bawul-bawul ɗin ba su san matakin da makunnin yake ba. Suna yin aikinsu gwargwadon siginar da masta ta sakar musu, maragin kuma ya karɓi abin da suka fitar ya ba lasifika wani kaso, ya ƙone sauran. Da masta a 3, EL84 ɗin suna fitar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, maragin kuma yana rage wannan ɗan abin ne da kusan desibel 22. Babu ta inda gurnani zai fito.

Ya dace a ambaci cewa ba kowane makunni mai rubutun wat ne ke aiki haka ba. Wasu amfilifayoyin boltej ɗin da ke zuwa wa bawul suke ragewa, wasu suna kashe biyu daga cikin bawul huɗu, wasu kuma suna sauya yadda aka haɗa ƙafafun bawul ɗin. A irin waɗannan, rage matakin yana iya sa gurnani ya zo da wuri. Tasa ba ta cikinsu.

Mako na biyu: gen a sama, masta a ƙasa

Da ya tabbatar maragin lafiya lau yake, sai ya koma ga abin da ya saba da shi. Ya ɗaga gen zuwa 9, ya bar masta a 2, maragi a wat 5. Gurnani ya samu nan take, amma siriri ne mai tsatsa, kamar kukan ƙudan zuma a cikin gwangwani, kuma kusan babu bambanci tsakanin bugu mai ƙarfi da mai taushi. Da ya daina kaɗawa kuma sai wani huci ya cika ɗakin.

Wannan gurnanin na sashen farko ne. Bawul 12AX7 yana iya ninka sigina har kusan sau 100 a ka'ida, kuma idan aka jera matakansa ɗaya bayan ɗaya, na gaba yana cika tun kafin siginar ta kai masta. Ba laifi ba ne a kansa, amfilifayoyi da yawa a kan wannan aka gina sunansu. Sai dai irin waɗancan an tsara su ne da matatan da ke cire kaifin da ya wuce kima, ita kuwa wannan an tsara ta ne domin a buɗe ta. Makaɗin ya shafe kwana biyar yana juya tirebul da tsakiya ko zai rage tsatsar. Da ya rage tirebul sautin ya dushe, tsatsar kuma tana nan a ƙarƙashi. A duk wannan mako EL84 ɗin ba su yi wani aikin kirki ba, maragin ma bai ko yi ɗumi ba.

Mako na uku: komai a 10

Wani abokin kiɗansa ya gaya masa cewa sai an buɗe masta maragi ke da amfani. Ya ɗauki shawarar har ya zarce da ita: gen 10, masta 10, bes 7, maragi a wat 0.1. A karon farko bawul-bawul na ƙarshe suka cika, kuma sakamakon ya fi na makon da ya gabata muni. Idan ya buga haɗin tsirkiyoyi shida sai su cakuɗe, ba a tantance wannan daga wancan. Ƙananan amo na tsirkiyoyi masu kauri suna fashewa suna yin wani ɓurɓur, wani lokaci sautin ya shaƙe na ɗan ƙiftawar ido bayan bugu mai ƙarfi sannan ya dawo. A kan duk wannan kuma sautin ya yi duhu, kamar an lulluɓe lasifikar da bargo.

Abubuwa biyu ne daban suka haɗu a nan, ko da yake a lokacin bai raba su ba.

Na farko shi ne yawan abin da ake tura wa EL84. Wannan bawul ba ya buƙatar sigina mai yawa kafin ya cika. A irin wannan tsari bayas ɗinsa, wato boltej ɗin da ke saita matsayin aikin bawul, bai wuce wajen bolt 10 ba, alhali manyan bawul irin 6L6 sukan buƙaci ninkin haka sau uku ko huɗu. Idan siginar ta zarce wannan iyaka sosai, ragar bawul ɗin, wato mashigar sigina, takan fara jan wuta, ta cika kafasitar da ke haɗa ta da matakin baya, bayas ɗin ya goce zuwa sanyi, bawul ɗin ya kusa rufewa har sai kafasitar ta sauke. Shaƙewar da ya ji ke nan. Amon bes shi ya fi jawo wannan domin shi ya fi girman igiya, kuma ga shi ya sa bes a 7.

Na biyu shi ne halin maragi mai rasista zalla. Ana rubuta om 8 a jikin lasifika, amma turjiyar da take yi wa sigina ba a tsaye take ba. Tana yin tudu babba a wajen amon da lasifikar ke girgiza da kanta, wanda a lasifikokin jita masu inci 12 yakan faɗo tsakanin hez 70 da 100, wato girgiza 70 zuwa 100 a daƙiƙa, sannan tana hawa a hankali a manyan amo, wato na tirebul, saboda kwayil ɗinta. Amfilifayar bawul ba ta riƙe lasifika gam kamar yadda ta taransista ke yi, saboda haka boltej ɗin da take fitarwa yana hawa a duk inda turjiyar ta hau. Daga nan ne wani ɓangare na dukan ƙirji a ƙasa da ƙyalli a sama ke fitowa. Idan aka sa maragi a matakin da ya fi zurfi, kusan rasista kaɗai amfilifayar ke gani, kuma turjiyar rasista ɗaya ce a kowane amo. Ita ma lasifikar, ƙaramar rasistar da ke gefenta tana danne motsinta. Tudun ƙasa da hawan sama duka sukan baje, sautin ya tattaru a tsakiya. Akwai maragan da ake sanya musu kwayil da kafasita domin su kwaikwayi lanƙwasar lasifika, amma nasa ba irinsu ba ne.

Mako na huɗu: zafi da tsayawar aiki

Duk da rashin daɗin sautin, ya ci gaba da wannan saiti wajen sa'a biyu a kowace yamma yana neman gyara da mamurɗan amo. Amfilifayar tana cikin kantar littattafai, bayanta a manne da katako. A rana ta tara da fara haka ya ji ƙamshin ƙura mai ƙuna, sautin ya fara ƙaraf-ƙaraf, ƙarfinsa ya ragu. Da ya leƙa baya a cikin duhu sai ya ga farantin ƙarfen da ke cikin ɗaya daga cikin EL84 ɗin ya yi ja, ba jan zaren dumama da aka saba gani ba. Ya kashe ta nan take, kuma bai buɗe cikinta ba, wanda daidai ne, domin irin wannan amfilifaya tana aiki da sama da bolt 300 kuma kafasitocinta sukan riƙe wuta bayan an zare ta daga soket.

Mai gyara ya samu bawul-bawul na ƙarshe sun tsufa, ɗaya yana jan wuta fiye da ɗan'uwansa. Ya sauya su da sababbi biyu da aka auna suka dace da juna. Da yake bayas ɗin amfilifayar ta rasistar katod yake daidaita kansa, ba a buƙaci saiti ba, amma ya auna rasistar da kafasitar da ke gefenta ya tabbatar ba su ƙone ba. Rasistocin maragi sun sauya launi kaɗan, sai dai awonsu yana nan daidai.

Bayanin da ya yi wa makaɗin ya tsaya a kan lissafi. A matakin wat 0.1, idan amfilifayar tana fitar da wat 15, wat 14.9 yana zama zafi a cikin akwatin. Wat 15 ɗin ma adadi ne na sauti mai tsafta. Igiyar da aka datse sosai tana ɗauke da ƙarfi fiye da haka, a ka'ida har kusan ninki biyu. Bawul-bawul da taransifomar suna aiki ne kamar ana tsakiyar taron kiɗa, ko da kuwa ƙarar da ke ɗakin ba ta hana hira. EL84 iyakar zafin da farantinsa ke ɗauka wat 12 ne, kuma amfilifayoyi da yawa na wannan tsari suna riƙe shi kusa da iyakar tun kafin a taɓa jita. Ya shawarce shi ya fitar da ita daga kanta, ya bar sarari a bayanta, kuma kada ya taɓa kunna ta da wayar lasifika a cire, domin taransifomar fitarwa ba ta jure aiki ba tare da kaya ba.

Mako na biyar: neman wurin da gurnani ke farawa

Da amfilifayar ta dawo, makaɗin ya sauya tsari. Ya daina juya mamurɗai da yawa a lokaci guda, ya koma taɓa ɗaya yana rubuta abin da ya ji. Ya zaɓi tsakar rana, ya sa maragi a wat 1, bes a 3, tsakiya da tirebul a 5, gen a 2, sannan ya riƙa ɗaga masta lamba ɗaya-ɗaya yana maimaita bugu iri ɗaya.

Da gen a 2, har masta ta kai 10 sautin bai yi gurnani ba sai ɗan kauri a bugu mafi ƙarfi. Siginar fikof ɗinsa ba ta isa ta cika sashen ƙarshe daga wannan matsayi ba. Wannan ya nuna masa cewa gen ba mamurɗin gurnanin sashen farko kaɗai ba ne, shi ne kuma ke ƙayyade yawan abin da masta za ta samu ta wuce da shi. Ya maimaita gwajin da gen a 4. Daga masta 1 zuwa 5 ƙara tana hawa sautin yana nan fes. A 6 hawan ƙarar ya fara ja da baya. Tsakanin 7 da 8 ƙarar ta kusa tsayawa cik, amma sautin ya ci gaba da kauri, amon ya daɗe yana rataye, kuma bugu mai taushi yana fitowa da tsafta. Alamar da mai gyara ya ce ya saurara ke nan: wurin da murɗawa ke ƙara kauri ba ƙara ba, nan ne sashen ƙarshe ya cika. Domin ya tabbatar ba daga sashen farko gurnanin ke zuwa ba, ya mayar da masta 3 ya bar gen a 4, sautin ya koma fes.

A amfilifayarsa masta tana gaban bawul mai raba sigina, don haka buɗe ta yana cika shi ma tare da EL84 ɗin. Abin da makaɗa ke kira gurnanin sashen ƙarshe galibi haɗin waɗannan biyun ne, tare da ɗan faɗuwar boltej da sashen ba da wuta ke yi idan an ja shi da ƙarfi, wanda ke sa bugu ya ɗan lotsa sannan ya buɗe.

Daga masta 9 zuwa 10 shaƙewar mako na uku ta fara dawowa. Ya tsaya a 7 da rabi. Ya kuma gano cewa idan ya mayar da mamurɗin ƙara na jikin jitar daga 10 zuwa 7 gurnanin yana washewa ba tare da ƙarar ta faɗi sosai ba, abin da bai taɓa samu da gen a 9 ba.

Mako na shida: kunne ne ko na'ura

Saitin ya yi daɗi a wat 1, amma da ya koma wat 0.1 da yamma sai ya ji ya rame ya dushe. Ya so ya san nawa ne daga maragi, nawa ne kuma daga kunnensa. Ya kafa makirufo a gaban lasifikar, ya ɗauki jimlar kiɗa ɗaya a kwamfuta a matakin wat 5, wat 1 da wat 0.1 ba tare da ya taɓa wani mamurɗi ko matsar da makirufon ba, sannan ya daidaita ƙarar ukun ya saurare su a jere. Da farko ya gwada da waya, amma wayar tana ɗaga ƙara tana ragewa da kanta, sai ya bar ta.

Da aka daidaita ƙara, na wat 5 da na wat 1 da ƙyar ya bambance su. Na wat 0.1 ya fi duhu a sama kuma ya fi rauni a ƙasa, amma bambancin bai kai abin da yake ji a ɗaki ba ko kusa. Ragowar daga kunne take. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kowane amo daidai a kowace ƙara: idan ƙara ta yi ƙasa, jin amon bes ne ya fi raguwa, tsakiya ta mamaye. Ga shi kuma lasifikar da ke karɓar kashi ɗaya cikin goma na wat ba ta motsa iskar da jiki zai ji, ba ta kuma girgiza jitar yadda tsirkiya za ta daɗe tana amo.

Lissafin ƙarar ma ya ba shi mamaki. Rage wat da rabi desibel 3 kacal yake ragewa, kuma sai an rage shi sau goma, wato desibel 10, kunne ke jin kamar ƙara ta ragu da rabi. Da lasifika mai desibel 98, wat 15 yana kai wajen 110 a nisan mita 1, wat 5 wajen 105, wat 1 wajen 98, wat 0.1 kuma wajen 88. Wato daga wat 15 zuwa 5, abin da ya ɗauka babban ragi ne, bai kai desibel 5 ba. Matakin da ya fi ƙasa ma ya fi ƙarar talabijin nesa ba kusa ba idan bawul-bawul ɗin sun cika. Hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta ba da shawarar kada a wuce sa'a 8 a desibel 85, kuma lokacin yana raguwa da rabi a duk ƙarin desibel 3, wanda ke nufin sa'a 4 a 88, rabin sa'a a 97.

Mako na bakwai da na takwas: gyare-gyare

Gyaran farko bai shafi wuta ba. Amfilifayar tana ƙasa tana harbin ƙafafunsa, alhali manyan amo na lasifika mai inci 12 a miƙe suke tafiya kamar hasken tocila. Ya ɗora ta a kan kujera mai matashi ta fuskanci kansa. Rabin duhun da yake kuka da shi ya tafi, kuma girgizar da ke bi ta daɓe zuwa ɗakin maƙwabci ta ragu.

A matakin wat 0.1 ya ɗaga tirebul daga 5 zuwa 7, ya rage tsakiya zuwa 4. Ya gwada mayar da bes ɗin da kunne ke nema ta ɗaga shi zuwa 6, ɓurɓur ɗin ya dawo, domin mamurɗan amo suna gaban sashen ƙarshe ne, duk abin da aka ƙara a can bawul ne zai ɗauke shi. Ya bar shi a 3 da rabi ya haƙura da ramar. Tirebul ɗin ma yana da iyaka: bayan 7 tsatsa ce ke ƙaruwa ba haske ba.

Tsohuwar fedarsa ta dawo da sabon aiki. Ya sa gurnaninta kusa da sifili, ƙararta a sama, kuma da yake irin mai rage bes ce tana ɗaga tsakiya, ta tura sashen ƙarshe gaba kaɗan ba tare da shaƙewa ba. Da ita yake samun mataki na biyu na gurnani domin kiɗan tsirkiya ɗaya-ɗaya. Ya yi tunanin sauya lasifikar da mai desibel 95, wanda zai yi daidai da rage wat da rabi ba tare da ƙara nauyi a kan maragi ba, amma bai yi ba a cikin wannan lokaci.

Inda aka tsaya

A ƙarshen mako na takwas yana da saiti uku a rubuce a jikin takarda da ya liƙa a saman amfilifayar. Na rana: maragi wat 1, gen 4, masta 7 da rabi, bes 3, tsakiya 5, tirebul 5, ba ya wuce rabin sa'a a jere kuma yana zama nesa da mita biyu. Na yamma: maragi wat 0.1, gen da masta ba su sauya ba, tirebul 7, tsakiya 4. Na dare: maragi wat 0.1, masta 3, gurnani daga feda. Wannan na ukun ba gurnanin bawul na ƙarshe ba ne, kuma ya san haka. Matakin wat 15 bai amfane shi a gida ba ko sau ɗaya. Tun bayan sauya bawul da fitar da amfilifayar daga kanta, jan faranti da ƙaraf-ƙaraf ba su dawo ba.

Hukunci a kan lamarin

Mako na farko ya tafi ne a kan kuskuren fahimta ɗaya, wato ɗaukar maragi a matsayin abin da ke samar da gurnani. Maragin da ke bayan taransifoma ba ya ƙara wa sauti komai. Gen da masta ne ke yanke wane bawul zai cika da kuma iya cikarsa, maragin kuma ya zo daga baya ya rage ƙarar abin da aka riga aka yi. Da makaɗin ya duba zanen littafin tun ranar farko ya bi siginar daga jita zuwa lasifika, da ya tsallake mako na farko gaba ɗaya, mai yiwuwa har da na biyu.

Shawarar abokinsa daidai ce, zarcewar ce ta ɓata ta. Wurin da EL84 ke ba da gurnani mai bin hannu ɗan siriri ne, a wannan amfilifaya bai wuce tazarar lamba biyu a kan masta ba, kuma bes mai yawa yana ƙara ƙuntata shi. Gwajin mako na biyar shi ne ya fi kowane mataki amfani, saboda ya taɓa mamurɗi ɗaya ne a lokaci guda, kuma ya san alamar da yake saurare.

Lalacewar bawul ba za a ɗora ta kacokan a kan maragi ba, tunda bawul-bawul ɗin tsofaffi ne kuma akwatin ba ya samun iska. Amma maragin ne ya ba da damar a yi sa'o'i ana ƙure su ba tare da ƙarar da za ta tilasta a dakata ba, kuma duk mai amfani da shi haka ya sa ran sauya bawul na ƙarshe da wuri fiye da wanda ke kiɗa da masta a ƙasa.

Game da ingancin sauti, ɗaukar mako na shida ta nuna cewa wannan maragi mai rasista yana aikinsa da kyau har ragin desibel 12, wato matakin wat 1, kuma daga nan zuwa desibel 22 yana cin sama da ƙasan sautin ta yadda mamurɗan amo ba sa iya mayar da shi duka. A ganina tazarar da ke tsakanin wat 1 da wat 0.1 ita ce raunin tsarin, domin na farkon ya yi wa ɗaki ƙara, na biyun ya yi wa sauti zurfi, kuma matakin da makaɗin ke buƙata yana tsakaninsu. Lasifika mai desibel 95 za ta sauko da matakin wat 1 zuwa wajen desibel 95, ragin da ba ya ratsa rasista ko kaɗan, kuma shi ne gwajin da ya rage masa.